Ciwon hawan dutse: yadda ake gane shi da abin da ake yi kafin ya yi kisa



Akwai ciwon da ba ya kama kowa a Madawa, ko Buza, ko Keita, amma yana iya kama ɗan Madawa a daren farko da ya kwana a ƙasa mai dogayen tsaunuka. Sunansa ciwon hawan dutse. Likitoci na ce masa mal aigu des montagnes da Faransanci, mutanen Peru da Bolibiya kuma na ce masa soroche. Da yake ɗiyanmu ƴan biɗa sun bazu ko'ina a duniya, ya kamata na waje su san shi, na gida ma su san shi, don sau da yawa waya ɗaya daga gida ke sa mutum ya yi abin da ya dace.

Abin da ke kawo shi

A wurinmu, in an ce wane ya hau dutse ya dawo yana sambatu, abin da za a fara cewa shi ne ya gamu da iska. To wanga ciwo lalle maganar iska ce, sai dai iskar da muke shaƙa ce, ba wadda ake yi wa turare ba.

Jikin mutum na rayuwa da oksijin ɗin da ke cikin iska. Kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne, a ƙasa da kan dutse duk ɗaya. Abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar: ƙara hawanka, ƙara sirancewarta. Mu ɗauka kowane numfashi tiya ce. A bakin teku ana cika maka tiyar hatsi fal. A tsayin mita 3,000, tiyar nan ce dai, amma abin da ke ciki bai wuce bakwai cikin goma ba. A mita 5,500 rabi ne. A ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage.

Jiki yana da dabarar sabawa. Numfashi na ƙaruwa, zuciya na ƙara sauri, fitsari na yawaita, bayan makwanni kuma jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Amma sabon na son kwanaki. Wanda mota ko jirgi ya ɗauko daga ƙasa ya ajiye shi sama cikin yini ɗaya bai ba jikinsa wannan lokacin ba. Daga nan ciwon ke tasowa.

An daɗe da sanin abin. Shekaru wajen 2,000 da suka wuce, wani littafin tarihin Sin ya ambaci tsaunukan da fatake ke ƙetarewa, ɗaya ana kiransa Babban Dutsen Ciwon Kai, ɗaya Ƙaramin Dutsen Ciwon Kai. Ran 15 ga Afrilu 1875, mutum uku suka tashi daga Paris cikin balan-balan mai suna Zénith, suka kai wajen mita 8,000; biyu suka mutu, Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai. A 1878 wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya fitar da littafin da ya tabbatar cewa ƙarancin oksijin ne tushen abin.

Daga wane tsayi yake farawa

Ga yawancin mutane, ciwon na farawa ne in an kwana a sama da mita 2,500. Kaɗan na jin sa tun daga mita 2,000. Ana ƙirga tsayin daga bakin teku, ba daga gindin dutsen ba, shi ya sa gari shimfiɗaɗɗe mai tituna da kasuwa zai iya fin dutsen da ka sani tsayi nesa ba kusa ba.

Madawa na wajen mita 300 da ɗoriya. Duwatsun Adar da ke kewaye da Keita da Buza ba su kai mita 800 ba, don haka makiyayin da ya hau su ya ji jiri, rana ce ko ƙishirwa ko yunwa. Ga wasu wurare don kwatance:

Agadas, wajen mita 500.
Jos a Najeriya, wajen 1,200.
Tamanrasat a Aljeriya, tsakanin 1,300 da 1,400.
Ɗa'ifa a Saudiyya, wajen 1,900.
Ƙololuwar Bagazam a Ayar, wuri mafi tsayi a Nijar, 2,022.
Abha a Saudiyya da birnin Meziko, wajen 2,200.
Addis Ababa a Habasha, wajen 2,350.
Bogota a Kolombiya, wajen 2,600.
Kito a Ekwado, wajen 2,850.
Tahat a tsaunukan Hoggar na Aljeriya, wajen 2,900.
Emi Kusi a Tibesti ta Cadi, mafi tsayi a Sahara, 3,415.
La Paz a Bolibiya da Lhasa a Tibet, wajen 3,600.
Dutsen Kamaru, sama da 4,000.
Tubkal a Maroko, 4,167.
Kilimanjaro a Tanzaniya, 5,895.

Ke nan cikin Nijar kakaf babu wurin da ya kai mita 2,500. Alhazanmu ma su kwantar da hankali: Jabalun Nur, inda kogon Hira yake, wajen mita 640 ne. Abin da ke kayar da mutane a can zafi ne da gajiya da rashin ruwa.

Su wa abin ya shafa cikin namu

Akwai ƴan biɗa da masu neman zinariya da ke shiga Tibesti da Hoggar. Yawancin ramukan zinariya na ƙasa-ƙasa, amma wasu hanyoyin, kamar ta Zuwar zuwa Bardayi, na hawa sama da mita 2,000, ga sanyin dare mai tsanani. Akwai ɗalibanmu na Maroko da ke zuwa hawan Tubkal lokacin hutu, da mazauna Kamaru da ke hawan dutsen da ke bisa garin Buea. Akwai ƴan kasuwa da ke yada zango a Addis Ababa. Akwai direbobin manyan motoci a Amurka: hanyar da ta bar Denver ta nufi yamma na ratsa ramin Eisenhower a tsayin mita 3,400. Sai matasan da ke bin Kudancin Amurka cikin bas, su sauka Kito, su ƙetare iyakar Kolombiya ta garin Tulkan mai tsayin kusan mita 3,000, da yunwa da gajiya da tufa maras kauri.

Ƙarfi ba ya hana shi. Saurayin da ke noma kadada biyu shi kaɗai zai iya kwantawa, tsohon da ke bayansa yana tafiya sannu ya wuce lafiya. Hasali ma masu ƙarfi sun fi faɗawa, don su ke hawa da sauri. Masu sauraron wasanni za su tuna ran 1 ga Afrilu 2009, da Bolibiya ta ci Ajantina 6 da 1 a La Paz, Messi na fili, Maradona na horarwa. A 2007 ma FIFA ta taɓa hana wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da suka haura mita 2,500, kafin ta janye dokar a 2008.

Mataki na farko: ciwon kai

Ba ya zuwa nan take. Mutum na isa lafiya, ya ci abinci, ya yi hira. Bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa cikin dare ko da asuba, sai kai ya ɗauki sara. Tare da ciwon kan akwai ɗaya ko fiye cikin waɗanga: tashin zuciya ko amai, ƙin abinci, kasala mai nauyi, jiri ko hajijiya. Barci ma ba ya daɗi. Mutum na farkawa firgigit kamar an toshe masa hanci.

Wanga mataki ya yawaita. A jihar Kolorado ta Amurka, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na baƙin da ke kwana a wajen mita 2,500 na jin sa. In an tsaya wuri ɗaya an huta, yakan wuce cikin kwana ɗaya zuwa uku. Haɗarinsa shi ne a raina shi, a sha ƙwaya, a ci gaba da hawa.

Yaro ƙarami ba ya iya cewa kaina ke ciwo. Alamarsa kuka ba dalili, ƙin nono ko abinci, ƙin wasa, amai, da rashin barci.

Mataki mai kisa na ɗaya: kumburin ƙwaƙwalwa

In ciwon ya ci gaba, ruwa na tsattsafowa daga jijiyoyin jini ya kumbura ƙwaƙwalwa. Ga alamunsa: ciwon kai da ba ya jin magani, tangaɗi kamar mashayi, ruɗewa, sambatu, ganin abin da babu, canjin hali, da barci mai nauyi da ke wuyar tashi. Mai fara'a sai ya koma masifa, mai surutu ya yi shiru ya kwanta ya ce a ƙyale shi.

Akwai gwaji mai sauƙi. A ja layi miƙaƙƙe a ƙasa, a ce ya bi shi yana ɗora diddigen ƙafa ɗaya a bakin yatsun ɗayar. In ya kasa, yana kaucewa ko yana faɗuwa, a ɗauka ƙwaƙwalwa ta taɓu. Daga fara tangaɗi zuwa suma da mutuwa, abin na iya ɗaukar awa 24 kawai.

Abin lura: mai wanga hali ba ya sanin ba shi da lafiya. Zai rantse maka cewa lafiyarsa lau. Abokan tafiya ne za su yanke masa shawara.

Mataki mai kisa na biyu: ruwa a huhu

Wannan shi ya fi kashe mutane a tsaunuka, kuma yana iya zuwa ko babu ciwon kai. Yakan bayyana a dare na biyu zuwa na huɗu. Farkonsa mutum ya riƙa zama na baya a tafiya, yana haki fiye da kowa, da busasshen tari. Kowa na haki in yana hawa. Abin tsoro shi ne wanda ya zauna ya huta minti goma amma numfashi bai dawo ba. Daga nan sai ƙirji ya yi nauyi, a ji ƙarar ruwa in yana numfashi, ya kasa kwanciya rigingine, tari ya fara fitar da kaki mai kumfa, wani lokaci da jirwayen jini.

Littattafan Turai na cewa fata na komawa shuɗiya. A baƙar fata ba a ganin haka da sauƙi. A duba cikin leɓe, da harshe, da dasashi, da ƙarƙashin farce. In sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, jini ya rasa oksijin.

Kada a rikita shi da masassara, kada kuma a manta da ita

Ɗan ƙasarmu in kai ya sara, zuciyarsa na zuwa ga masassarar cizon sauro. Sai ya sha maganinta ya ci gaba da tafiya. Ga abin da zai taimaka a bambanta: ciwon hawan dutse na farko ba ya zuwa da zafin jiki mai yawa da rawar ɗari, yana farawa ne bayan an hau, kuma yana sauƙi in an sauka. Amma wanda ya baro gida da damana zai iya ɗauke da masassarar a jininsa ta tashi yana kan dutse. In akwai zafin jiki, a sauka kuma a nemi gwajin jini, a gaya wa likita ƙasar da aka fito. In wuya ya sanƙare tare da zafin jiki, a yi tunanin sanƙarau, a gaggauta.

Akwai kuma hayaƙin gawayi. Sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, sai ƴan tafiya su rufe tanti ko ɗaki su hura gawayi don shayi da jin ɗumi. Gawayi na fitar da guba maras wari da ke kawo ciwon kai, jiri da suma, iri ɗaya da ciwon dutse, kuma yana kashewa cikin barci. A dafa shayi a waje.

Masu amosanin jini

Nan maganar ta fi shafarmu. Amosanin jini, wato sikila, wanda muka fi sani da emasi, ya yawaita a yankinmu. A Najeriya maƙwabciyarmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 20 zuwa 30 cikin 100 na ɗauke da irinsa. In oksijin ya ragu, jajayen ƙwayoyin jinin mai emasi na lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Mai SS ko SC ciwonsa na iya tashi tun a tsayin da bai dami kowa ba, wajen mita 1,500 zuwa 2,000. Ko cikin jirgin sama, iskar da ake shaƙa daidai take da ta mita 1,800 zuwa 2,400, don haka ya ga likita kafin ya yanki tikiti.

Mai AS, wanda ke ɗauke da irin kawai, yawanci yana rayuwarsa ba ciwo, wasu ma ba su san suna da shi ba. Amma a kan tsauni, musamman da aikin ƙarfi da ƙishirwa, jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, da amai. Hakan ya faru da Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, bayan wasa a Denver a 2007. Denver mita 1,600 ce kawai, amma sai da aka cire masa saifa. Likitan ƙasar da ba a saba da emasi ba zai iya rasa gane abin. Mai tafiya ya san rukunin jininsa, AA ne ko AS ko SS, ya faɗa da bakinsa.

Masu ciwon zuciya, ciwon huhu, hawan jini da bai daidaita ba, ƙarancin jini, da mata masu juna biyu, su ma su nemi shawarar likita tun kafin tafiya.

Abin da ake yi

Dokoki uku ne. Na ɗaya, duk wanda ya ji ba daidai ba a kan tsauni, a ɗauka ciwon dutse ne har sai an tabbatar da wani abu. Na biyu, mai alamun ciwon kada ya ƙara hawa ya kwana a sama. Na uku, in alamun na ƙaruwa, ko an ga tangaɗi, ruɗewa, ko haki a zaune, a sauka yanzu-yanzu, ko da tsakar dare ne, muddin hanya ta biyu.

Saukar mita 300 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi a fili. Kada a bar shi ya sauka shi kaɗai, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. In ruwa ne a huhu, a ɗauke shi a mota ko bisa dabba ko a kafaɗa, don wahala na ƙara ciwon. A lulluɓe shi, a jingine shi a zaune. In akwai kwalbar oksijin a sa masa. Wasu masu ja-gora na ɗauke da jaka ta musamman da ake sa mutum ciki a hura, ta zama kamar an sauko da shi. Taimako ne na ɗan lokaci kafin a sauka. Daga nan sai likita, inda ake ba da magunguna irin su dexamethasone don ƙwaƙwalwa da nifedipine don huhu.

Ga ƙaramin ciwon kai, hutu da ruwa da parasetamol sun isa. A guji tramol, da ƙwayoyin barci, da giya. Suna rage numfashi a lokacin da jiki ke neman ƙari, kuma suna ɓoye alamun da za su ceci mutum. Wanda ya sha tramol don ya jure hawa, ya kashe ƙararrawar da ke gargaɗinsa.

Rigakafi

Sannu ba ta hana zuwa. In da hali, a kwana biyu a tsakiyar tsayi kafin a wuce sama. Daga mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda. Inda aka kwana ya fi inda aka taka da rana muhimmanci, shi ya sa direban da zai ƙetare tsauni ya fi kyau ya gangara ya yi barci a ƙasa. Wanda jirgi ya sauke a gari mai tsayi ya yi kwana biyun farko ba aikin ƙarfi. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, a ci abinci ko ba a so, a sa tufa mai kauri.

Akwai maganin rigakafi, acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Ana fara shi kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma bai dace da kowa ba. Likita ke rubuta shi. Kada a saye shi a tebur ko wurin masu talla.

Sabo kuma ba ya dawwama. Wanda ya shekara yana aiki a gari mai tsayi, ya zo gida noman damana ya yi wata uku, in ya koma sabon baƙo ne, ya sake bi sannu. Wanda ciwon ya taɓa kama shi, shi ya fi kusa da sake kamuwa.

Ga na gida: abin tambaya a waya

Iyaye, mata, ƴan'uwa, in naku ya kira ko ya aiko saƙon murya ta WhatsApp yana cewa "kaina ka ciwo tun da munka iso", kada a tsaya ga "Allah shi sawwaƙe" kawai. A yi addu'a, a kuma yi tambaya. Wane gari kake, kan dutse ne? Yaushe kunka iso, a mota ko a jirgi? Kana amai? In kana zaune numfashi na isarka? Kana tari? Wa ke tare da kai?

A saurari muryarsa da kyau. In yana yanke magana don ya ja numfashi, ko yana maimaita abu ɗaya, ko maganar ba kan gado, a ce ya miƙa wayar ga na kusa da shi. A gaya wa wannan: ku ja layi ku gwada tafiyarsa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku sauko da shi yau, ku kai shi likita. In akwai emasi a gidan, a faɗa.

Kuɗin mota da aka riga aka biya, ko kunyar a ce wane ya kasa, ko tsoron ayari ya wuce, su ke sa mutane su daure su ci gaba. Ku na gida ku ke da bakin da zai ce masa ya sauka, ba wanda zai ga laifinsa. Dutse na nan inda yake, ana iya komawa wani mako.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido mana su lafiya.